Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sa'annina Masu Cewa "A Zamaninmu"

Assalamu alaikum.

Yayyena, ƙannena da sa'annina, maza da mata, ku da furfura ta fara leƙowa da ku da ta riga ta mamaye kai, da ku nake. Ni ma ɗayanku ne, na ba hamsin baya da 'yan kai, kuma maganar da zan yi sai da ta ci mini rai kafin na ɗauki alƙalami.

Kwanakin baya na je gai da wani aminina da muka tashi tare tun ba mu san ciwon kanmu ba. Muna cikin hira sai ɗansa ya shigo, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya. Ya gaishe mu da ladabi, ya tsaya daga gefe, waya a hannu, fuskarsa cike da fara'a irin ta mai ɗauke da albishir. Kafin ya buɗe baki mahaifinsa ya dube ni ya ce, "Ka gan su nan, yaran zamani. Dare da rana waya. Mu a zamaninmu wa ya isa ya tsaya gaban ubansa yana latse-latse?" Na gyaɗa kai, har na ƙara da cewa ai duniya ta canza. A kan idona fara'ar nan ta janye daga fuskar yaron a hankali. Bai ce uffan ba. Ya sa wayar a aljihu, ya ce a huta lafiya, ya ja mana ƙofa. Sai bayan kwana biyu na ji cewa sakamakon jarrabawarsa ta ƙarshe ne ya fito, ya ci da kyau, kuma abin da ya shigo ya nuna wa mahaifinsa ke nan a wayar. Daga bakin uwar yaron uban ya ji labari.

Na san aminin nan nawa a lokacin da yake ɗan ashirin. Da kunnena kuma na ji nasa mahaifin, Allah ya jiƙansa, yana cewa mu 'yan bana bakwai ne, ba abin da muka iya sai rungumar rediyo da juya kaset, su kuwa a zamaninsu yaro bai san zama ba. Na tuna yadda maganar take yi mana zafi, da yadda muke fita mu zauna muna cewa idan muka girma ba za mu yi wa namu 'ya'yan haka ba. Ga shi mun girma, ga maganar a bakinmu, ko harafi ɗaya bai faɗi ba.

Kada ku ɗauka na zo hana ku kewar da ne. Ni kaina akwai waƙar da in na ji ta sai na tsaya cak, ƙirjina ya yi nauyi, in ga fuskokin mutanen da ƙasa ta daɗe da rufewa. Wannan abu ne na ɗan Adam, har likitoci sun taɓa ɗaukarsa cuta. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci a jami'ar Basel da ke Suwizalan, mai suna Johannes Hofer, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, nostos wato komawa gida da algos wato raɗaɗi, ya raɗa wa abin suna nostaljiya. Ciwon ya yi ƙaurin suna a tsakanin sojojin hayar Suwizalan da ke aiki a ƙasashen waje, waɗanda suke ramewa, barci ya ƙaurace musu, saboda begen duwatsun ƙasarsu. Maganin da aka sani shi ne a mai da mutum gida. Masana halayyar ɗan Adam na yanzu, irin su Constantine Sedikides da Tim Wildschut na jami'ar Southampton a Ingila, sun nuna cewa tuna baya yana da amfani: yana rage kaɗaici, yana sa mutum ya ji yana da tushe, akwai waɗanda suka so shi. Ba wanda zai raba mu da wannan, ba ni kuma so a raba mu.

Amma akwai wata magana da masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya yi a 1798 game da waɗannan mutanen Suwizalan ɗin, wadda tun da na karanta ta ban daina juya ta ba. Ya ce idan suka koma gida bayan shekaru sukan tarar abin bai kai yadda suka zata ba, sai su ce ai komai ya canza, alhali gaskiyar ita ce ƙuruciyarsu ce ba su iya dawowa da ita wurin ba. 'Yan uwana, ina jin nan ne gizo yake saƙar. Idan muka ce da ta fi yanzu, me muke aunawa? Da ɗin nan, gwiwarmu ba ta ciwo. Iyayenmu suna da rai, in mun dawo akwai mai ce mana sannu da zuwa. Abokai ba su fara raguwa ba. Duk wata ƙofa a buɗe take, ba mu riga mun zaɓi hanya ɗaya mun bar tara ba. Wanda yake cikin wannan hali ko a wane ƙarni aka haife shi zai ga duniya da haske. Kanmu muke kewa, sai muka ɗora wa zamani, daga zamani kuma laifin ya gangaro kan yaran da suka same mu a ciki.

Sannan ƙwaƙwalwar da muke kafa hujja da ita ba shaida ce mai adalci ba. Tun 1986 David Rubin da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ce wa wanda ya haura arba'in ya tuno abubuwan rayuwarsa, kaso mai tsoka yana fitowa ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30. A wannan tsakani ne kusan komai yake zama na farko: tafiya ta farko, soyayya ta farko, kuɗin guminka na farko, ranar farko da aka kira ka da girmamawa. Abin farko yana kama zuciya yadda na ɗari ba zai kama ba. Haka ma waƙa. Wani bincike da Morris Holbrook da Robert Schindler suka buga a 1989 ya gano cewa waƙoƙin da mutum ya fi so har tsufansa su ne waɗanda suka yi tashe yana wajen shekara 23 zuwa 24. Saboda haka idan na ce mawaƙan da su ne mawaƙa, na yanzu hayaniya ce, da gaskiyata nake faɗa, amma kunnen saurayin da na taɓa zama ne yake yanke hukuncin.

Ƙwaƙwalwa kuma tana wanke abu kafin ta ajiye. Masana sun daɗe da lura cewa ɗacin abin baƙin ciki yana saurin dusashewa fiye da daɗin abin farin ciki. A 1997 Terence Mitchell da Leigh Thompson da abokan aikinsu sun bi wasu matafiya, daga ciki akwai waɗanda suka yi mako uku suna zagaya Kaliforniya a kan keke, suna tambayarsu kafin tafiya, da lokacin da ake cikinta, da bayan an dawo. Ana cikin tafiya akwai ruwan sama, akwai gajiya, akwai ɓacin rai da abokan hanya. Da aka dawo gida aka sake tambaya, sai tafiyar ta fi daɗi a bakinsu fiye da yadda suka faɗa suna cikinta. Wannan tazarar kwanaki ce kawai. To ina ga shekara arba'in?

Ni ban yarda da wannan sosai ba sai da na gani a kaina. Bara ina kwashe wasu tsofaffin takardu na ci karo da wani ɗan littafi mai baƙin bango da nake rubuta abin da ke raina ina ɗan shekara goma sha tara. Shekarar nan ita ce nake ba 'ya'yana labarinta a matsayin mafi daɗin rayuwata. Na zauna a bakin gado na buɗe. Tawadar ta koɗe, rubutun ya karkace kamar na mai sauri. Shafi bayan shafi fargaba ce: tsoron faɗuwa jarrabawa, takaicin faɗan da muka yi da mahaifina har kwana tara ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, kunyar takalmin da ya yage, haushin abokin da ya juya mini baya. A wani shafi layi ɗaya ne kacal: "Yau ma ban yi barci ba, ban san abin da zan zama ba." Wallahi na manta da wannan yaron sarai. Na riƙe dariyarsa da yawonsa, na zubar da kukansa. Kuma da wannan hoton da na gyara da hannuna nake auna ɗiyata idan na gan ta ta yi shiru a ɗaki, in ce mu a zamaninmu ba mu san wani abu wai shi damuwa ba.

Akwai wani abin kuma da ya fi wannan nauyi. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba. Zaman lafiyar da muke tunawa a gidajen da muka tashi, wasu ne suka tare mana rana da bayansu. Na taɓa ce wa mahaifiyata, lokacin tana da rai, da rayuwa ta fi sauƙi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Sauƙi gare ka, ɗan nan." Ranar ta kira mini sunayen 'ya'ya biyu da ta binne kafin a haife ni, ɗaya ƙyanda ce ta ɗauke shi cikin kwana shida, bai cika shekara biyu ba. Ta ba ni labarin dararen da ita da mahaifina suke kwana ido biyu suna lissafin yadda gobe za ta kasance, mu kuwa muna ta sharar barci. Yaro ba ya ganin bashi, ba ya jin labarin rikici, ba a kai shi inda ake kuka. Ranar da ya girma nauyi ya hau kansa sai ya ga duniya ta ɓaci, alhali labule ne aka yaye masa. An ma gwada wannan: a 2003 Richard Eibach da Lisa Libby da Thomas Gilovich sun tarar iyaye suna ganin duniya ta ƙara haɗari daidai lokacin da suka sami haihuwa. Hanyar da ka bi shekara da shekaru ba ka ga komai ba, ranar da ka riƙo hannun ɗanka sai ka ga kowace mota barazana ce.

Kuma mu da muke ba da labarin da, mu ne waɗanda suka tsira. 'Yan uwana biyu da mahaifiyata ta kira sunansu ba su da bakin da za su ce da ta fi yanzu. A 1990, lokacin da yawancinmu muke ganiyar samartaka, yaro ɗaya cikin 11 a duniya ba ya kai shekara biyar, yara sama da miliyan 12 ke mutuwa a shekara ɗaya. A 2022, bisa alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya, abin ya sauka zuwa ɗaya cikin 27, wato miliyan 4.9, duk da cewa jama'ar duniya ta ƙaru ƙwarai. Cutar agana da ta makanta mutane ta ɓata fuskoki ta kashe miliyoyi, sai a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana an kawar da ita. A tsakiyar ƙarni na 20 sama da kashi 40 cikin 100 na manyan duniya ba su iya karatu da rubutu ba, yau kuwa sama da kashi 90 na matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 sun iya. Waɗannan su ne yaran da muke cewa ba su san komai ba.

Na san abin da wasunku za su ce. Za su ce mu ba maganar asibiti da makaranta muke ba, maganar tarbiyya muke, kunya da ladabi da mutunci. To mu tsaya a nan ɗin, don nan ne maganar ta fi tsufa.

Kimanin shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, mawaƙin Girka Hesiyod ya kasa tarihin ɗan Adam zamani-zamani, ya fara da na zinariya ya ƙare da na baƙin ƙarfe, wato nasa, har ya yi fatan ina ma ba a cikinsa aka haife shi ba. Cikin alamun lalacewar da ya lissafa akwai 'ya'ya su wulaƙanta iyayensu da suka tsufa. Mawaƙin Rum Horas, a waƙoƙinsa da suka fito shekara 23 kafin miladiyya, ya ce iyayensu ba su kai kakanninsu ba, su ba su kai iyayensu ba, kuma za su haifi waɗanda suka fi su lalacewa. Daga Horas zuwa yau an yi tsatso kusan tamanin. In da kowane tsatso yana sauka mataki ɗaya ƙasa da na gabansa, da tuni ba sauran mai tsayawa ya ɗaga wanda ya faɗi a hanya. Kuma a tsakanin nan ne aka haifi kakanninmu da muke buga misali da su, waɗanda su ma nasu kakannin sun ce da su albasa ba ta yi halin ruwa ba. Masanin falsafar Girka Aristotal ya riga ya gano dalilin: ya ce tsoho da tunawa yake rayuwa fiye da buri, domin abin da ya rage masa kaɗan ne, abin da ya wuce kuwa mai yawa, shi ya sa bakinsa ba ya gajiya da labarin da.

A 2023 Adam Mastroianni da Daniel Gilbert sun buga wani bincike a mujallar Nature, inda suka tattara amsoshin ƙuri'un jin ra'ayi na shekaru kusan 70 da na ƙasashe aƙalla 60. Ko'ina amsa ɗaya ce: halin kirki yana raguwa. Amma da suka duba tambayoyin da ake yi wa mutane game da ranar da suke ciki, kamar ko an girmama ka jiya, ko ka taimaki baƙo a watan nan, sai suka ga amsoshin ba su motsa ba tsawon shekaru. Abu biyu cikin binciken suka fi tsaya mini. Na ɗaya, mutane suna sa farkon lalacewar daidai wajen lokacin da aka haife su, ko yaushe ne lokacin. Na biyu, idan aka tambaye su game da mutanen da suka sani ido da ido, sai su ce a'a, waɗannan kam ba su lalace ba. Ku gwada a kanku. Yaran zamani sun lalace, amma ban da ɗiyata da take kula da ni, ban da ɗan maƙwabcina da ya kai ni asibiti cikin dare, ban da ɗalibina da har yau yake kirana ya gaishe ni. To su wane ne lalatattun? Waɗanda ba mu sani ba ne, waɗanda muke gani a labarai da bidiyon da ake turo mana, inda mugun abu ne kaɗai yake yawo, domin ba mai ɗaukar hoton yaron da ya kwana yana jinyar uwarsa.

Binciken da ya fi kunyata ni shi ne na John Protzko da Jonathan Schooler a 2019. Sun tarar kowa yana ganin gazawar yara ne a fannin da shi ya yi fice. Mai yawan karatu shi ne yake cewa yaran yanzu ba sa karatu. Mai tsananin son a bi na gaba shi ne yake cewa ba su da ladabi. Mai kaifin basira shi ne yake ganin basira ta ragu. Dalilin kuwa, mutum yana ɗaukar yadda yake yau ya liƙa wa yadda yake yana yaro, sannan ya liƙa wa duk tsararrakinsa. Har gwaji suka yi: suka ba mutane jarrabawar sanin marubuta, suka gaya wa wasu da gangan cewa makinsu ya yi ƙasa, nan take hukuncinsu a kan yaran zamani ya yi sauƙi. Wato haƙurin da na koya a shekara hamsin, bayan na sha faɗuwa da tashi, shi nake nema wurin ɗan ashirin, ina rantsuwa cewa da shi aka haife ni. Na manta a ajinmu ma akwai malalata, akwai masu faɗa, akwai waɗanda aka kora, akwai waɗanda suka sa iyayensu kuka. Laifi tudu ne.

Wani zai kawo mini hadisin Anas bin Malik da ke cikin Buhari, cewa ba wani zamani da zai zo face na bayansa ya fi shi sharri. Na san shi, ba kuma ni da ja da shi. Sai dai mu tuna cewa mutane sun je ne suna kai wa Anas kukan zaluncin Hajjaj, gwamnan Iraƙi, ya ce su yi haƙuri. Hajjaj ya rasu a shekara ta 95 bayan hijira, a ta 99 kuwa Umar bin Abdul'aziz, wanda ya shahara da adalci, ya hau halifanci, kuma malamai sun yi bayanin yadda za a fahimci hadisin tare da wannan. Ba inda hadisin ya ba uba izinin raina ɗan da ke tsaye gabansa. A cikin Muslim kuma akwai hadisin Abu Huraira cewa idan mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne mafi halakarsu. An ruwaito daga Imamu Malik cewa idan mutum ya faɗi haka don baƙin cikin abin da yake gani babu laifi, abin zargi shi ne ya faɗa yana jiji da kansa yana ƙasƙantar da mutane. Kowa ya tambayi zuciyarsa da wace murya yake faɗin "yaran zamani". Ni dai na san da wadda na gyaɗa kai a ɗakin aminina.

Ba cewa nake komai na yau daidai yake ba. Ina ganin yaran da barci ya ƙaurace wa saboda allo a fuska har asuba. Ina ganin yarinyar da take auna kanta da hotunan mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta raina fuskar da Allah ya ba ta. Ina ganin ɗaki cike da 'yan uwa, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai ce wa wani kanzil. Waɗannan abubuwa gaskiya ne, suna kuma damuna. Amma wa ya ƙera su? An buɗe Facebook a 2004, iPhone ta fito a 2007, lokacin wasu yaran nan suna rarrafe, wasu ba a ma haife su ba. Manyan kamfanoni ne suka zuba dukiya da ƙwararru don su sa ido ya kasa ɗagawa daga allo, mu kuma muka saya muka miƙa wa yaro don ya bar mu mu huta. Kuma ku dubi namu hannun a wannan ɗakin da na ce kowa ya sunkuya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka maganar aiki da aure da tsayawa da ƙafa: muna musu gorin cewa mu a shekarunsu mun riga mun kama gida, ba mu tsaya mun tambaya ko ƙofofin da muka bi muka shiga har yanzu a buɗe suke ba, ko kuwa a zamanin da ragamar take hannunmu ne suka ƙuntata.

Abin da nake roƙonku ƙarami ne a baki, mai wuya a aiki. Idan kun ga laifi, ku kira laifin da sunansa, ga wanda ya yi shi, a lokacin da ya yi. "Jiya ka katse ni ina magana, bai yi mini daɗi ba" magana ce da yaro zai iya ɗauka ya gyara. "Ku yaran zamani ba ku da tarbiyya" ba ta da gyara, domin ba zai iya sauya shekarar da aka haife shi ba. Abin da zai iya shi ne ya daina kawo muku maganarsa. Kuma yana dainawa. Yakan koma ga abokai, ko ga baƙin da ke cikin wayar nan da muke zagi, waɗanda aƙalla sukan saurare shi har ya kai aya. Daga baya mu zauna muna cewa yaran yanzu ba sa shawara da manya. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma na yarda akwai abin da shekaru kaɗai ke koyarwa. Amma hangen nan namu, ta wace hanya zai isa ga wanda muka riga muka kora daga ɗakin?

Sannan idan za mu ba su labarin da, mu bayar da shi cikakke. Mu faɗi dariyar mu faɗi tsoron, mu faɗi jarrabawar da muka faɗi, da ranar da muka saɓa wa iyayenmu muka yi nadama, da shekarun da muka yi ba mu san inda muka dosa ba. Na gwada wannan. Na ɗauki ɗan littafin nan mai baƙin bango na miƙa wa ɗiyata, na ce ta karanta duk inda ta so. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango tana juya shafukan a hankali, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Da ta kai shafin nan mai layi ɗaya sai ta ɗago ta ce, "Baba, ashe kai ma?" Daren nan ta gaya mini wani abu da ta yi kusan shekara tana ɓoyewa, game da karatun da take yi wanda ba ta so, tana tsoron in ce mu a zamaninmu ba a zaɓe. Ba mu gama warware maganar ba har yanzu, wani lokaci ma muna saɓani a kanta, amma a gabana ake yin ta.

Kai kuma aminina, na san za ka gane kanka a farkon wasiƙar nan, kuma na san irin son da kake yi wa yaron nan, don ni na raka ka asibiti daren da aka haife shi, na ga yadda hannunka yake rawa da aka miƙo maka shi. Ni na kira shi na ba shi haƙuri a kan nawa gyaɗa kan, na yi masa murna. Ya ce ba komai, Baffa. Amma na tambaye shi ko ya nuna maka sakamakon, ya ce ba ka tambaya ba tukuna. Yana nan cikin wayarsa, bai goge ba.

Wassalam.

Naku,
ɗaya daga cikinku.